Daga wani fanni zuwa fim: tsohuwar hanya ce a Nijar

Iyaye da yawa, har da ƴan uwana malamai, hankalinsu kan tashi idan yaro ya ce zai bar fannin da yake karantawa a jami'a ya koma wata makaranta don koyon fim da talabijin. Suna ganin asarar shekaru da kuɗi ce. Kafin mu yanke hukunci, ina so mu duba yadda manyan wannan sana'a a ƙasarmu suka shige ta.

Oumarou Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935, bai zauna ajin koyon fim ba. Sojan Faransa ne da ya yi yaƙin Indocina, daga baya ya tafi cin rani Abijan, yana dako a tashar jiragen ruwa. A can ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, ya fito a fim ɗinsa Moi, un noir na 1958. Da ya fara nasa, abin da ya gani a soja ya zuba cikin Cabascabo. A 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu, shi ne na farko da aka taɓa bai wa ita.

Moustapha Alassane kuwa bakanike ne. Ya koyi aikin kamara a hannun Rouch a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sanin fim ɗin zane wajen Norman McLaren. Ya yi Aouré a 1962, sai Bon voyage Sim a 1966. Hannun da ya saba da sassan inji shi ya taimake shi haɗa kayan aikinsa da kansa a Tawa, inda ya zauna shekaru masu yawa. A zamaninsu babu makarantar fim a ƙasar. Ko talabijin ma ta ƙofar aji ta shigo mana, da shirin karatu ta talabijin na 1964, tun kafin Télé Sahel.

Da makarantu suka samu, hanyar ba ta canza sosai ba, takardar shaida ce ta ƙaru. Sani Magori, ɗan Galmi, injiniyan aikin noma ne kafin ya tafi jami'ar Gaston Berger ta Saint-Louis a Senegal ya yi masta kan fim ɗin da ke nuna rayuwa ta gaskiya. Fim ɗinsa na 2008, Pour le meilleur et pour l'oignon, labarin aure ne da ya rataya a kan girbin albasa. Wanda bai san gona da farashin buhu ba, da wuya ya iya shirya shi. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta karanta ilimin zamantakewa a jami'ar Abdou Moumouni, ta wuce IFTIC a Yamai, sannan ita ma Saint-Louis. L'Arbre sans fruit na 2016 ya taɓo raɗaɗin matan da ba su samu haihuwa ba, Zinder na 2021 kuma ya shiga rayuwar samarin unguwar Kara-Kara.

Abin da na karanta a wannan tarihi shi ne: kamara ana koyon ta cikin ƴan shekaru, amma abin da za a nuna da ita daga ilimin farko yake fitowa. Sannan a lura, Magori da Macky ba su watsar da karatunsu a tsakiya ba. Sun kammala, suka tafi da shaida a hannu.

Nan ne nake ba iyaye shawara. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, lisansi shekara 3 ce, kiredi 180, wato 60 kowace shekara. Makarantar da za a koma ita ce ke da ikon karɓar kiredin baya ko ƙin su, kuma idan fannonin sun yi nisa da juna, yaro na iya komawa shekarar farko. Don haka idan yana shekara ta biyu ko ta uku, gara ya daure ya ƙarasa, ya shiga fim a matakin masta. Idan a shekarar farko yake kuma zuciyarsa ba ta wurin, canjin da wuri ya fi sauƙi. Ko wanne aka zaɓa, a nemi amsa a rubuce kan abu uku: kiredi nawa za a karɓa, ko gwamnati ta amince da shaidar makarantar, da makomar bursinsa. A je a gani da ido ko ɗalibai na riƙe kamara, ko kuwa a allo kawai ake zana musu ita.

Mu malamai ma da namu aikin. Yaron da ke ɗaukar bidiyo da waya a lise, mu sa shi ya rubuta labarin tukuna, ya tambayi tsofaffin unguwa, ya karanta tarihi. Idan ya iya wannan, duk jami'ar da ya koma ba da hannu biyu zai je ba.