Daga Jinka Zuwa Kwano: Gobara Da Rufin 'Yan Kwana-Kwana

'Yan uwana mazauna Kolere da sauran unguwannin Mubi.

Sunan unguwarmu ma kansa na baƙi ne, domin Fulani na kiran Barebari Kole'en, shi ya sa har a Garuwa ta Kamaru akwai Kolere. Fatauci ne ya kawo kakanninmu gindin waɗannan duwatsu, cikin Fali da Gude da Fulani, kuma babu abin da bafatake ke tsoro kamar gobara. A lokacin ɗakuna da rumfuna duk jinka ce da zana. In wuta ta tashi sai a yi yekuwa, maza su yaye jinkar maƙwabta don a datse mata hanya, mata da yara su yi ta jido da tulu. Kashe wuta aikin gayya ne.

Aikin kwana-kwana na hukuma kuwa a Legas ya fara, a farkon ƙarni na 20, ƙarƙashin 'yan sanda, sai a 1963 aka yi dokar da ta ba shi cin gashin kansa. Mubi a tsakanin nan tana ta sauya hannu: daga Jamusawa zuwa Turawan Ingila, sannan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ta shigar da ita Nijeriya a matsayin hedikwatar Lardin Sardauna. Daga nan sai Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, Gongola a 1976, Adamawa a 1991. Kowace gwamnati ta gaji gine-ginen wadda ta gabace ta, kuma mai karatu ya sani, a ƙasar nan bikin buɗe sabon gini ya fi gyaran tsoho farin jini.

Da kwano ya maye gurbin jinka, mutane suka zaci an rabu da gobara. Ina! Sai ta sake kama, ta koma bin wayar lantarki, da janareta, da fetur a jarka. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002, ta Sabon Gari a Kano a Maris 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar. Ku duba watannin, duk rani ne.

To, mene ne haɗin wannan da rufi mai yoyo? A nan gizo ke saƙar. Ruwan sama na sauka daga wajen Mayu zuwa Oktoba, lokacin da gobara ke ja da baya. In rufin ofishin 'yan kwana-kwana na zuba, mesa za ta jiƙe ta ruɓe, famfo ya yi tsatsa, kayan sawa su yi funfuna, katakon rufin ma ya rinƙa cin ruwa. Babu mai lura, sai hunturu ya shigo, wuta ta tashi tsakar dare, a jawo mesa ta tsage. Ɓarnar damina ce ake biya da rani. Kuma liƙe huda da kwalta dabara ce ta shekara guda; in kwano ya ci tsatsa a bakin ƙusa, magani shi ne a yaye a sa sabo tun kafin ruwan fari.

Gyaran ginin hukuma alhakin gwamnati ne, wannan babu ja. Amma dukiyar da za ta ƙone tamu ce. Shawarata ga shugabannin kasuwa da na tike da masu unguwanni ita ce, kowace shekara su kai ziyara ofishin, su ga rufi da mota da ruwa da idonsu, su rubuta wa hukuma, abin da za su iya kuma su yi karo-karo. Kakanninmu ba su ce mu baƙi ne ba ranar da wuta ta kama jinkar maƙwabci.

Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.