Blender: Manhajar Da Aka Fanso Da Karo-Karo

A daren 2 ga Maris, 2025, a can Hollywood, wani matashi ɗan ƙasar Latbiya mai suna Gints Zilbalodis ya hau dandamali ya karɓi kambun Oscar na gwarzon fim ɗin katun. Fim ɗin nasa, Flow, ba a yi magana ko kalma ɗaya a cikin sa ba. Labari ne na wata kyanwa da ambaliyar ruwa ta raba da gida, ta faɗa cikin kwalekwale tare da kare da wasu dabbobi. Kuɗin da aka kashe masa bai kai yuro miliyan 4 ba, amma ya kada Inside Out 2 na kamfanin Pixar wanda ya lashe kusan dala miliyan 200. Wannan ne karon farko da ƙasar Latbiya ta ci Oscar.

Mai karatu, abin da ya ja hankali na shi ne jawabin sa. A cikin jerin waɗanda ya gode wa, har da wani abu wai shi Blender. Ba furodusa ba ne, ba kuma ɗan wasa ba. Manhajar kwamfuta ce da aka zana fim ɗin kacokan da ita, kuma ko sisi bai biya ba kafin ya same ta. Ta yaya aka yi kayan aiki mai daraja irin wannan ya zama na kowa? Amsar ta na cikin wani ciniki da aka yi a 2002.

Mu koma baya kaɗan. Kowace manhaja ta na da asalin rubutun da masu ƙirar ta su ka yi, wanda shi ne sirrin ta. Kamfanoni kan sayar maka da izinin amfani, su ɓoye wannan rubutu, kamar mai kilishi da zai sayar maka da nama amma ba zai faɗa maka haɗin yajin sa ba. Idan abu ya lalace ba ka iya gyarawa, sai ka jira su. Wannan ne ya fusata wani Ba'amurke, Richard Stallman, har ya fara wani yunƙuri mai suna GNU a 1983, sannan a 1989 ya fito da lasisin GPL. Sharaɗin lasisin shi ne: kowa ya yi amfani da manhajar, ya buɗe cikin ta, ya gyara, ya raba wa wanda ya so, amma in ka gyara ka raba, tilas kai ma ka bar naka gyaran a buɗe. A lokacin mutane da dama sun ɗauke shi mai mafarki da rana.

Shi kuwa Blender, wani mutumin Holan ne mai suna Ton Roosendaal ya fara rubuta shi a farkon 1994, domin amfanin situdiyon su na zanen katun mai suna NeoGeo. (Abin mamaki, a wannan shekarar ce aka haifi Zilbalodis, wato shi da kayan aikin sa tsarar juna ne.) A 1998 Roosendaal ya kafa kamfanin Not a Number don ya tallata manhajar. Zamanin ne da masu kuɗi ke zuba jari a duk abin da aka ce ya shafi intanet, ido rufe. A 2000 kamfanin ya samu jarin yuro miliyan 4.5, ya ɗebi ma'aikata kusan 50. Sai kasuwar ta ruguje. Ciniki bai zo ba, masu jari su ka janye, a farkon 2002 aka rufe kamfanin. Blender ya zama kadarar masu jari, an kulle shi, ba mai taɓawa.

To a nan ne labarin ya yi daɗi. Roosendaal bai haƙura ba. Ya kafa gidauniya, ya je ya zauna da masu jarin, su ka yanke masa farashi: a ba su yuro 100,000 su saki asalin rubutun. Shi ba shi da kuɗin. Sai ya juya ga masu amfani da manhajar a duniya, ɗalibai da masu zane da 'yan koyo, ya ce a yi karo-karo. An fara a watan Yuli 2002. Ka tuna fa, lokacin babu Facebook, babu YouTube, babu irin shafukan tara gudunmawa na yanzu. Cikin mako bakwai kuɗi su ka cika! Ranar Lahadi, 13 ga Oktoba, 2002, aka saki Blender ga duniya a ƙarƙashin lasisin GPL. Fansa ce sosai, irin wadda ake biya a 'yanta wanda ke hannun wani, kuma bisa sharaɗin lasisin babu wanda zai sake mayar da shi ɗaka ya kulle.

Domin ka gane nauyin wannan, dubi abin da ya faru da wata manhajar da ta fi Blender suna nesa ba kusa ba a wancan zamani, wato Softimage. Da ita aka motsa dodannin nan na Jurassic Park a 1993. Microsoft ya saye ta a 1994, ya sayar wa Avid a 1998, Avid ya sayar wa Autodesk a 2008, shi kuma a 2014 ya sanar da cewa ya daina ta. Shi ke nan. Mutanen da su ka shafe shekara goma sha su na ƙwarewa a kan ta, rana ɗaya aka ce su nemi wata. Ba su da ta cewa, don ba tasu ba ce. Haka a 2013 kamfanin Adobe, mai Premiere da Photoshop, ya koma tsarin haya, ka biya duk wata ko duk shekara, ran da ka daina biya aiki ya tsaya. A Oktoban 2019 ma kamfanin ya sanar da 'yan ƙasar Benezuwela cewa zai rufe masu asusu saboda takunkumin Amurka, duk da cewa daga baya an sasanta.

Kada ka ɗauka daga 2002 komai ya tafi sumul. Ina! Shekara da shekaru ƙwararru na yi wa Blender kallon kayan yara, kuma ban ga laifin su sosai ba, don koyon sa wahala gare shi. Hatta zaɓen abu a kan allo da maɓallin dama na linzamin kwamfuta ake yi, saɓanin yadda kowa ya saba. Dabarar da Roosendaal ya yi ita ce wadda ta fi burge ni a matsayi na na mai sharhin fim: ya ce a riƙa shirya fim da manhajar, masu zane da masu rubuta ta su zauna ɗaki ɗaya a Amsterdam, duk inda mai zane ya cije a gyara nan take. Wani ɓangare na kuɗin fim ɗin kuma daga masu sayen faifan DVD tun kafin a yi shi. Haka aka yi Elephants Dream a 2006, da Big Buck Bunny a 2008, da Sintel a 2010, da Tears of Steel a 2012. In gaskiya ka ke so, na farkon labarin sa a hargitse ya ke, na kalla sau biyu ban kama zaren ba. Sintel ne ya taɓa ni, labarin yarinya da ɗan dodon da ta raina. Amma kowane ɗaya ya bar manhajar fiye da yadda ya same ta.

A Yulin 2019 aka fito da samfurin 2.80 wanda ya sauƙaƙa komai, kuma a watan ne kamfanin Epic Games ya ba gidauniyar dala miliyan 1.2. Daga nan manya su ka fara shigowa. Ku masoya finafinan Indiya, RRR na darakta S.S. Rajamouli da ya fito a 2022, kamfanin Makuta na Hyderabad ya yi amfani da Blender a wani ɓangare na siddabarun sa. Wasu na ƙorafi cewa kuɗin manyan kamfanoni zai sa su juya akalar aikin. Ni ma ina da wannan fargabar, sai dai ko sun juya, rubutun na nan a buɗe, kowa na iya ɗauka ya ci gaba ta tasa hanyar.

Yanzu bari mu dawo gida. Mu na kuka da satar fasaha tun zamanin kaset, kuma kukan gaskiya ne. Amma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a ɗakunan tace fim da yawa, ita kan ta manhajar da ake tacewa da ita kwafin sata ce. Na san dalilin, dala ta yi tsada. Ba kuma zan ce maka Blender zai maye gurbin Premiere gobe ba, sashen sa na tace hoto bai kai nan ba, ƙarfin sa a zane da siddabaru ya ke. Kuma ya na son kwamfuta mai ƙarfi da wutar lantarki, abin da ka san halin sa. Sai dai duk sa'ad da na ga aljani ya ɓace a fim ɗin mu da wani hayaƙi mai ban dariya, sai in tuna mu na da Gizo da Ƙoƙi, mu na da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi, labaran da kyamara kaɗai ba za ta iya ɗaukar su ba. Zilbalodis ya shafe fiye da shekara biyar a kan kyanwar sa, da 'yar ƙaramar tawaga daga Latbiya da Faransa da Beljiyam, kuma gashin dabbobin nasa bai kai na Pixar kyau ba. Alƙalan Oscar ba su damu ba.

Shi kuwa Roosendaal, a Satumban 2025 ya sanar da cewa zai sauka daga shugabancin gidauniyar, ya miƙa wa wani ɗan Italiya, Francesco Siddi, wanda ya daɗe ya na aiki tare da shi a Amsterdam.