Agogon Hannu da Lissafin Saukar Laima: Nazari a Kan Iskar Sakkwato

Tsakure

Maƙalar ta duba ko lissafin saukar laima da ke cikin agogon wasanni zai yi daidai da yanayin samaniyar Sakkwato. An bi ƙa'idar lissafin, aka gwada ta da zafin bazara, hazon hunturu da iskar damina. An gano cewa kuskuren ma'aunin tsayi ƙarami ne, babban giɓin yana wajen bayanan iskar sama da mai tsalle ke shigarwa da hannunsa.

Gabatarwa

A Najeriya saukar laima aikin soja ce, kuma an fi saninta da Jaji ta Jihar Kaduna, inda ake horar da sojojin laima. Tun da Amurka ta daina gurɓata siginar GPS ta farar hula a watan Mayun 2000, na'urar gane wuri ta yi ta ƙanƙancewa har ta shige agogon hannu. Kamfanin Garmin ya sa manhajar Jumpmaster a wasu agogunansa, irin su fenix da tactix, mai lissafa inda ya kamata mutum ya fita daga jirgi don ya dira inda yake so. Kamfanin da kansa ya gargaɗi masu saye cewa manhajar ta gwanaye ce, kuma kada a riƙi agogon a matsayin babban ma'aunin tsayi. Abin tambaya shi ne: a wace gaɓa lissafin zai kauce idan aka kawo shi samaniyar da ke kan Gidan Igwai da sauran unguwannin birnin Shehu?

Hanyar Nazari

Nazarin na lissafi ne a kan takarda. Ƙa'idar da sojojin Amurka ke bi, wadda manhajar ta ɗauko, mai sauƙi ce: nisan da iska za ta kwashi mutum, a mita, shi ne tsayi sau gudun iska sau wata tsayayyar lamba. Tsayi ana ƙirga shi da dubban ƙafa, gudun iska da not, wanda ɗayansa kilomita 1.85 ne a awa. Lambar kuwa 3 ce kafin a buɗe laima, 25 bayan an buɗe. An ɗauki tsalle daga ƙafa 12,000, a buɗe laima a ƙafa 4,000. Gudun iskar da aka sa a misalan ƙaddarawa ce don lissafi.

Tsayi da Zafi

Agogon ba ya ganin ƙasa. Matsin iska yake aunawa, ya juya shi zuwa tsayi bisa zaton cewa zafi a bakin teku digiri 15 ne, yana raguwa da digiri 6.5 a kowace kilomita. Sakkwato tana kimanin mita 300 sama da teku, don haka a wannan zaton zafinta bai wuce digiri 13 ba. Duk wanda ya yi watan Afrilu a garin ya san digiri 42 ba labari ba ne.

Iska mai zafi buɗewa take yi, sai agogo ya nuna ƙasa da tsayin gaskiya, da kusan kashi 4 cikin ɗari ga kowane digiri 10 na ƙari. Idan aka ce ƙarin digiri 20 ne daga ƙasa zuwa inda za a buɗe laima, mai ganin ƙafa 4,000 a agogo yana wajen 4,300. Wannan kuskure bai kai ga halaka ba, tunda saman da ya rage ya fi wanda ake zato, sai dai yana ƙara kamar mita 80 a tafiyar mita 1,000. Akwai kuma hawa da saukar matsin iska na kullum a ƙasashen zafi, wanda ke kaiwa ƙololuwa da hantsi ya faɗi da la'asar. Agogon da aka saita da safe yana iya yin kuskuren mita 25 da yamma, kuma maganinsa a sake saiti kafin kowane tashi.

Inda zafi ya fi cizo shi ne wajen dira. A digiri 42, iskar Sakkwato tana yin siranta kamar ta wuri mai tsayin ƙafa 4,500, laima ta ƙara gudu da kusan kashi 7 cikin ɗari a kan yadda take yi a bakin teku. Agogo ba ya faɗa wa gwiwa wannan.

Iskar Sama

Nan ne gizo ke saƙa. Manhajar ba ta auna iskar da ke sama. Mai tsalle ne ke shigar mata da gudu da alƙiblar iska, hawa-hawa, kafin jirgi ya tashi, ita kuma ta yarda da duk abin da aka ba ta.

Da hunturu abin da sauƙi, domin iskar arewa maso gabas ce ke mulki a ƙasa-ƙasa. Damina ce mai rikici. Daga Yuni zuwa Satumba iskar da ke kaɗa wanki a tsakar gida ta kudu maso yamma ce, mai ɗauko danshi daga Tekun Atilantika, amma kaurinta bai cika wuce kilomita ɗaya zuwa biyu ba. A samanta akwai wata iska mai ƙarfi daga gabas, cibiyarta wajen kilomita 3 zuwa 4, tana ratsa yankin Sahel a kusa da layin digiri 15 na arewa. Sakkwato tana kan digiri 13, wato gab da ita. Manoma sun san alamarta ko da ba su auna ba: hadari daga gabas yake tasowa alhali iskar ƙasa daga yamma take.

A ƙaddara mai tsalle ya auna not 10 daga kudu maso yamma a filin jirgin Sultan Abubakar III, ya shigar da ita ga dukkan hawa. Agogo zai ce kafin buɗe laima iska za ta kai shi mita 240 arewa maso gabas. Idan kuwa matsakaiciyar iskar wannan tazara not 15 ce daga gabas, mita 360 zai yi yamma. Tsakanin inda agogo ke zato da inda laima za ta buɗe akwai fiye da rabin kilomita. A fadamar Rima wannan ba komai ba ne. A gefen unguwa mai cunkoson gidaje da wayoyin lantarki kamar Gidan Igwai, tazara ce da ke raba fili da rufin kwano. Laima mai kusurwa huɗu tana iya gyara wannan in iskar ƙasa ta ba da dama. Ga wanda ya buɗe laima tun daga can sama kuwa, irin saukar da soja ke yi don tafiya mai nisa, kuskuren ninkuwa yake sau da yawa.

Safiya ma tana da nata tarko. Da dare a Sahel iska mai ƙarfi kan taru a 'yan ɗaruruwan mita sama da ƙasa yayin da ƙasa take shiru, sai rana ta ɗaga ta sauko da ita. Awon da aka yi bayan sallar asuba yana iya tashi aiki kafin ƙarfe goma.

Tattaunawa

Ƙura ba ta tare siginar tauraron ɗan'adam, don haka ko hazo ya rufe gari har jirage sun fasa sauka, kibiyar agogo za ta ci gaba da nuna hanya. A ganin mai wannan nazari, wannan fa'ida ita ce haɗarin, domin tana iya zuga mutum ya fita alhali ba ya ganin inda zai sa ƙafa. Kibiya ba ta san da turken lantarki ba. Bayan faɗuwar rana kuma, ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya kan fuskanci rawar siginar GPS saboda hargitsin can saman sararin samaniya, kuma Najeriya na cikinsu.

Awon iskar sama da balan-balan ya daɗe yana ƙaranci a Afirka ta Yamma, abin da ya sa shirin binciken damina na AMMA ya farfaɗo da tashoshi a 2006. Duk tsallen da za a shirya a Sakkwato yana buƙatar hasashen iskar sama daga hukumar kula da yanayi ta NiMet, a gwada shi da abin da matuƙin jirgi ya karanta a kowane hawa yayin tashi, sannan a gyara lambobin agogo kafin a buɗe ƙofa.