Daga Birnin Ur zuwa Durɓi ta Kusheyi: Addinin Mutanen Da da Asalin Sarauta



Duk wanda ya taso a Mabai, ko wani gari na ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya san duwatsu. Ya kuma ji tsofaffi suna cewa dutse kaza ba a hawansa da tsakar rana, tsamiya kaza ba a saranta. Manufar wannan lacca ita ce nuna cewa irin waɗannan maganganu ragowar wani tsari ne wanda ya haɗa bauta da mulki kafin Musulunci ya kafu. Don mu fahimci tsarin, za mu fara leƙa wata al'umma mai nisa wadda ta bar labarinta a rubuce.

Sumerawa sun zauna a kudancin Iraƙi ta yau, tsakanin kogin Dijla da na Furat. Wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.) suka fara rubutu a kan allunan yumɓu. A wurinsu kowane birni yana da abin bautarsa: Enki a Eridu, Inanna a Uruk, Nanna a Ur, Enlil a Nippur. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsu, saboda haka suka riƙa gina tsauni na tubali, hawa bisa hawa, su ɗora ɗakin bauta a ƙwanƙolinsa. Wanda Sarki Ur-Nammu ya gina a Ur wajen shekara ta 2100 kafin haihuwar Annabi Isa, kufansa yana nan tsaye. Sun kuma bar jerin sunayen sarakunansu, wanda ya nuna wai sarauta daga sama ta sauko, ta fara zama a Eridu, har aka ba sarki na farko shekara 28,800 a kan karaga. Ma'anar wannan duka ita ce, birnin na abin bauta ne, sarki wakili ne kawai.

To, mu a nan ba a bukaci ginin tsauni ba, domin Allah ya hore mana duwatsu. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ba da labarin Barbushe, daga zuriyar Dala, wanda yake zaune a kan dutsen Dala yana shugabantar bautar Tsumburbura. Wurin bautar wata itaciya ce da aka kewaye da ganuwa, ba mai shiga sai shi. Jama'a kan kawo baƙaƙen dabbobi a yanka, shi kuma ya fito ya gaya musu abin da zai auku a shekara. Abin lura shi ne, ikon Barbushe a kan mutane daga wannan aiki ya samo shi. Shi ya sa zuriyar Bagauda suka daɗe suna fama da mabiya wannan tsafi, har zamanin Sarki Tsamiya a ƙarni na 14, wanda ya rushe wurin.

A ƙasar Katsina ma haka abin yake. Ruwaya ta ce Muhammadu Korau ya kashe Sanau, sarkin ƙarshe na Durɓawa, a wurin kokawa, ya karɓe mulki a ƙarni na 15. Amma bai kawar da tsohon gidan ba: sarautar Durɓi ta ci gaba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna yadda duwatsun da ake ɗauka mazaunin iskoki suka jawo jama'a, suka zama cibiyoyin garuruwa. Kwatarkwashi, wadda a yau take Jihar Zamfara, ita ce shahararriyar misali, da tsafinta na Magiro.

Ko ƙasa ma ta ba da shaida. Leonard Woolley, wanda ya yi haƙa a Ur daga 1922 zuwa 1934, ya tono kaburburan manya cike da zinariya, har da gawarwakin barori da aka binne tare da su. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani, Palmer ya fara haƙa a 1907, sa'an nan masana daga Jamus da Nijeriya suka koma a 1992. An sami awarwaron hauren giwa, da kayan ado na zinariya, da wuri, da tasoshin ƙarfe waɗanda aka kawo daga nesa. Wannan ya tabbatar da cewa shekaru ɗaruruwa da suka wuce akwai masu mulki a nan, masu dukiya, masu hulɗa da kasuwannin ƙetaren Sahara.

A nan ne ya wajaba in yi gargaɗi. Kalmar lil ta cikin sunan Enlil tana nufin iska, tana kuma nufin aljani, daidai da yadda Bahaushe yake amfani da kalmar iska. Mai gaggawa zai ce ga hujja, Hausawa daga Iraƙi suka zo, musamman da yake ruwayar Bayajida ta ambaci Bagadaza. Wannan kuskure ne. Kama da wane ba ta wane. Harshen Sumerawa ba a gano masa dangi ba ko ɗaya, Hausa kuwa tana cikin harsunan yankin Cadi. Tsakanin mutuwar harshensu a bakin jama'a da zamanin Barbushe akwai kusan shekara 3,000, Bagadaza kuma sai a shekara ta 762 ta Miladiyya aka gina ta. Turawan mulkin mallaka sun so irin wannan bayani, domin a ganinsu baƙar fata ba zai iya kafa daula da kansa ba. Gaskiyar magana ita ce, manomi a ko'ina yake yana tsoron fari da annoba, yana kuma miƙa wuya ga wanda ya yi alkawarin tsare shi daga gare su.

Bambancin da ya kamata ya dame mu shi ne na adana labari. Allunan Sumerawa sun kwana a ƙasa shekara 4,000 aka tono su aka karanta. Namu labarin yana bakin tsofaffi, da Maguzawan da suka rage a kudancin Katsina, da sunayen duwatsu da kufai irin su Birnin Kogo da Pauwa. Tsofaffin suna ƙarewa, ana fasa duwatsu don tsakuwa, rashin tsaro kuma ya tashi ƙauyuka da dama a wannan yanki.

Wani zai ce mene ne amfanin tono jahiliyya? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya bayyana masu yanka wa itatuwa da duwatsu a cikin Nurul Albabi, domin ba a gyara abin da ba a sani ba. Wanda bai san abin da aka tarar ba, ba zai gane girman abin da Musulunci ya sauya ba.

Saboda haka ina kira ga ɗalibai, in kun je gida hutu, ku zauna da kakanninku, ku rubuta sunan kowane dutse da kufai, da abin da ake faɗa a kansa, da sunan wanda ya faɗa muku. Ku kuma ma'aikata, kafin ku sa hannu a ba da izinin fasa dutse ko yanka fili, ku tambayi mai gari abin da ke wurin.