Gado da Wasiyya a Sabon Gari da Samaru

Sabon Garin Zariya ya kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Samaru kuma ta bunƙasa da tashar binciken aikin gona ta 1922 da Jami'ar Ahmadu Bello ta 1962. Yarbawa, Ibo da mutanen Kudancin Zariya suka zo neman aiki, suka gina gidaje, suka tsufa a nan.

In irin wannan baƙo ya rasu bai bar wasiyya ba, wace doka za a bi? Shari'ar Cole ta 1898 a Legas ta sa gadon mai auren Kirista ƙarƙashin dokar Ingila, amma dangi sukan zo daga gida da al'adarsu. Sai a 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar Ibo mai hana 'ya mace gadon ubanta.

Hukuncin kotu bai hana a kori gwauruwa da marayu bayan jana'iza ba. Saboda haka mu masu ziyartar dattawan ikkilisiya, mu ƙarfafa su su rubuta wasiyya gaban shaidu biyu, su kuma adana takardun gida, tun suna da ƙarfi.