Maƙera da Bindiga a Ƙasar Hausa: Daga Gyara Zuwa Ƙira

1.0 Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bi diddigin yadda maƙeran ƙasar Hausa suka saba da bindiga har suka iya gyaranta, suka ƙera ta, suka kuma yi mata ado. Hujjar da muke son kafawa ita ce, ta ƙofar gyara maƙerin Hausa ya shiga wannan sana'a, kuma a kowane zamani hukuma ce ke shata masa iyaka.

2.0 Shigowar Bindiga

Kalmomin bindiga da albarushi daga Larabci aka aro su, abin da ke nuna tsohuwar hulɗa da Arewacin Afirka. A Barno, Mai Idris Aloma ya yi amfani da Turkawa maharba bindiga tun a ƙarni na 16. Littafin Tarihin Kano kuwa ya nuna cewa an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), sannan Babba Zaki (1768-1776) shi ne ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ke nan ta fuska biyu makamin ya iso: ta hamada da kuma ta bakin teku.

3.0 Gyara Kafin Ƙira

Galibin bindigogin da Turawa ke sayarwa a bakin teku na araha ne, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki, ƙanƙara ta ƙyasta musu wuta. Ƙarfensu ba shi da ƙwari, don haka sukan fashe a hannun maharbi, kunama takan lalace, damina kuma ta jiƙa albarushi. Da yake masana'antun da suka ƙera su, kamar na Birmingham a Ingila, suna da nisan gaske, dole aka koma wa maƙeri. Da zugazugi da masaba da magagari ya riƙa kwaikwayon abin da ya karye, masassaƙi ya sake ƙota, baduku ya naɗe ta da fata. Sannu a hankali mai gyaran sashe ɗaya ya san sirrin dukan makamin.

Inda aikin ya fi bunƙasa shi ne Damagaram, a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ya tara bindigogi ta hanyar fatauci da Tarabulus, ya sa aka riƙa haɗa albarushi da zuba igwa a Zinder. A daular Sakkwato kuwa, sarakuna sun fi damƙa bindiga ga bayinsu amintattu, doki da mashi da baka suka ci gaba da zama ƙashin bayan runduna. Wannan ya taƙaita yaɗuwar sanin makamin a tsakanin talakawa.

4.0 Zamanin Turawa da Bayansa

Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita sayar wa Afirka bindigogin zamani, amma ta sassauta a kan masu ɗuri. Sakamakon haka ya bayyana a 1903, lokacin da Kano da Sakkwato suka faɗi, aka kuma gwabza a Burmi. Bayan cin ƙasa, bindigar toka ta bar fagen fama ta koma hannun mafarauta da masu gadin gona, da kuma 'yan bindigar sarki masu buga ta a hawan salla. A nan ne sha'awa ta shigo: mai bindiga yakan yi mata ado da tagulla da jar fata, ya rataya mata laya. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta haramta ƙira da gyara sai da izinin hukuma.

5.0 Kammalawa

Mun ga yadda lalurar gyara ta haifi ƙira, daga baya ta zama abin ado da sha'awa. A yau sunan 'yan bindiga, wanda a da matsayi ne a fada, ya koma kan masu tare hanya da satar mutane, maƙera kuma suna ɗari-ɗarin yin magana a kan aikin kakanninsu. Idan manazarta ba su hanzarta tattara sunayen sassan bindiga da tarihin gidajen maƙera daga bakin dattawa ba, wannan babi na tarihin fasaharmu zai salwanta.