Yaji da Biko: Tarihin Zuciyar Matar da Ake Duka

Duk lokacin da aka ji an fasa wa wata mata baki ko an karya mata hannu a ɗakin aurenta, tambayar da kan riga kowace fitowa ita ce, "To me ya zaunar da ita?" Littattafan hikaya da yawa sukan amsa da ɗayan biyu: ko dai matar sakarya ce, ko kuwa waliyyiya ce mai haƙurin da ya wuce na 'yan Adam. Mu dai a ganinmu duk biyun ragon azanci ne. Abin da ke zaunar da mace ko ya tashe ta yana da tarihi, kuma ya kamata 'yan'uwa marubuta su san shi kafin su ɗora alƙalami a kan takarda.

Bari mu ɗauki gari kamar Babban Mutum, cikin ƙasar Ɓaure ta masarautar Daura, daf da iyakar Nijar. Tun kafin Ingila da Faransa su shata wannan iyaka a farkon ƙarni na 20, matar da miji ya wulaƙanta a wannan yanki tana da hanyar da al'ada ta yanka mata, wato yaji. Sai ta ja mayafinta ta nufi gidan ubanta, ko na kawu, ko na gwaggo, ko da kuwa gidan ya faɗa tsallaken iyaka. Yaji ba saki ba ne, ƙara ce aka shigar da ƙafa. Dole miji ya yi biko, ya turo manya ko ya zo da kansa, a zaunar da shi a zaure a faɗa masa laifinsa, wani lokacin ma sai ya haɗa da zane da goro. Amfanin wannan ga zuciyar mace ba ƙarami ba ne. Ta san ɗakin yana da ƙofa, ta san ciwonta zai sami shaidu, ta kuma san kunyar ba ita kaɗai za ta sha ba.

Muna da shaida a rubuce kan yadda matan da suke kallon wannan ƙofa. M. G. Smith, wanda ya wallafa babban littafin nan na tarihin sarautar Daura a 1978, ya fara bincikensa ne a ƙasar Zazzau. A can garin Giwa, tsakanin 1949 da 1950, matarsa Mary ta zauna da wata tsohuwa, Baba mutuniyar Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi da Ingilishi a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba. Na farkon auren zumunci ne da ba ta so, ta kuwa yi ta nacewa har ta fita. Wanda ya karanta labarin zai lura cewa mutuwar aure ba tashin alƙiyama ba ce a wurin Baba da ƙawayenta. Ba muna cewa zamaninsu aljanna ne ba, don kuwa zamanin hari ne da bauta da auren tilas. Amma mace tana da dangi masu karɓarta, da ƙawayen amana, da 'yar sana'arta ta kaɗi ko tuya, kuma bazawara ba ta daɗewa ba ta sami manemi ba. Baba ba Badauriya ba ce, sai dai al'adar da ta bayyana ita ce dai ta ƙasar Hausa.

Shari'a ma ba ta rufe ƙofar ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya zargi malaman zamaninsa da barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, suna morarsu kamar kayan aikin gida. A mazhabar Malikiyya kuwa, wadda alƙalanmu suke hukunci da ita, cutarwa dalili ce da alƙali zai raba aure, kuma Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim ta yarda a tabbatar da cutarwar da shaidu, ko da labarin da ya bazu a bakin maƙwabta. Haka nan renon yara haƙƙin uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta auri bare ba. To amma a nan ne al'ada ta danne littafi. A aikace, da an yaye yaro sai a ce na uba ne. Duk mai son ya gane matar da ake duka, ya fara daga wannan igiya, domin ta fi igiyar auren kanta ƙarfi. Matar da ta san fitarta na nufin barin 'ya'ya huɗu a hannun kishiya, ba sakarci ke zaunar da ita ba, lissafi take yi dare da rana.

Sai dokar zamani ta zo ta ƙara nata. Dokar Finalkod ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, sashe na 55 ya ce ba laifi ba ne miji ya hori matarsa inda al'adarsu ta yarda da haka, in dai bai yi mata mummunan rauni ba. Mummunan raunin kuwa an lissafa shi: rasa ido ko ji, karaya, zubar haƙori, ko ciwon da zai kwantar da mutum kwana 20. Ashe ke nan wadda ta yi jinyar kwana 19 horo aka yi mata!

Masana halayyar ɗan Adam sun makara kafin su waiwayi wannan lamari. A 1979 wata Ba'amurkiya, Lenore Walker, bayan ta saurari mata masu yawa da mazansu ke duka, ta bayyana cewa abin zagaye yake yi. Da farko gida ya ɗauki zafi, mace tana taka-tsantsan kamar mai tafiya a kan ƙaya, tana karanta fuskar maigida tun daga sallamarsa. Sai dukan ya zo. Daga nan sai lallashi da rantsuwa da tsaraba, har ta ga kamar mutumin da ta aura ya dawo. Wannan zaƙin na bayan ɗaci shi ne tarkon. Walker ta kuma aro ra'ayin Martin Seligman, wanda gwajinsa na 1967 ya nuna cewa dabbar da ta sha azabar da ba ta da ikon tsayarwa takan daina neman mafita ko an buɗe mata hanya. Mu wannan kwatanci bai kwanta mana ba, kuma ba mu kaɗai ba ne: a 1988 Gondolf da Fisher sun nuna cewa matan ba sa daina neman taimako, suna ƙara nema ne yayin da dukan ke tsananta, waɗanda ake kai wa kukan ne ke mayar da su.

Wannan bayani na biyu ya fi kama da abin da muka sani a gida. Ta yi yajin farko, uba ya ce, "Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, koma ɗakinki." Ta yi na biyu, uwa ta nuna mata nata tabon ta ce, "Ni ma haka na zauna don ku." A na uku ko zama ba a bari ta yi ba, don rumbu ya yi ƙasa, ga ƙannenta ba a aurar ba, ana gudun a ce 'ya'yan gidan ba sa zaman aure. Biko, wanda da shi ne horon miji, ya koma goron da ke buɗe sabon zagaye. A hankali sai ta koyi cewa ƙofar nan zagayawa take yi ta dawo da ita ɗaki guda. Daga nan sai ta fara neman laifin a jikinta, ko gishiri ne ya yi yawa, ko bakinta ne. Ta daina zuwa biki don kada a ga fuska. Ta ce ƙofa ce ta buge ta. Ciwon ya koma ciwon kai da faɗuwar gaba da rashin barci, a ce iska ce ko sammun kishiya, a nemo hayaƙi. Kalmar haƙuri tana da daraja a addini da al'ada, amma mu lura da wanda ake yawan faɗa wa ita, da wanda ba a faɗa wa.

A adabinmu, Balaraba Ramat Yakubu ce ta fi kowa kutsawa cikin wannan ɗaki, ita da aka yi wa aure tana yarinya ƙarama. A cikin Wa Zai Auri Jahila? na 1990, Abu ta tsere wa tsohon da aka ɗaura mata, abin da ya cece ta kuwa shi ne samun 'yar'uwa a Kano da ta karɓe ta ba ta kora ta ba. A Alhaki Kuykuyo Ne kuma, Rabi mai 'ya'ya tara ta sha ƙunci da rowa shekara da shekaru kafin a kore ta saboda amarya. Marubuciyar ba ta mai da su waliyyai ba. Ta bar su suna fushi, suna tsoro, suna ƙirga kuɗin cefane.

A 2015 Nijeriya ta kafa dokar hana cin zarafin mutane, Jihar Katsina kuma ta amince da tata a ƙarshen 2023. Dokar ta tarayya ta ambaci dukan abokin aure da sunansa, ta haɗa da raunukan da ba sa jini: zagi da tozartawa, korar mace daga gida, da yasar da ita da 'ya'ya ba ci ba sha. Tsakanin wannan takarda da matar da ke wani ƙauye a bayan Babban Mutum akwai kuɗin mota zuwa Ɓaure, akwai iznin fita wanda a hannun mai dukan yake, akwai uban da zai ce ta kai surukinsa ƙara ta zubar masa da mutunci, ga kuma goyon da bai isa yaye ba.